Yadda Jikin Ɗan Adam Ya Yi Gardama da Insulin

Ranar 11 ga Janairun 1922, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka yi wa Leonard Thompson allurar insulin ta farko. Yaro ne ɗan shekara 14 da ciwon suga ya kai shi bakin kabari. Sugansa ya ɗan sauka, amma wurin allurar ya kumbura ya zama maruru. Sai da masanin kimiyya James Collip ya sake tace maganin aka maimaita ranar 23 ga watan, sannan yaron ya farfaɗo.

Daga mahauta insulin na wancan zamani yake fitowa. Ana tatso shi ne daga fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ta shanu da aladu, kuma bai cika rabuwa da gurɓataccen furotin ba. Masu jinya da dama sun sha fama da ƙaiƙayi da borin jini. Wasu kitsen cinyarsu ya riƙa zagwanyewa, wurin allura ya lotsa. Wasu kuwa maganin ya daina kama su, har su bukaci fiye da yunit 200 a rana.

Masana da yawa sun ɗauka insulin ya yi ƙanƙanta da zai tayar da garkuwar jiki. A 1956 Solomon Berson da Rosalyn Yalow, a asibitin tsoffin sojoji na Bronx a Amurka, suka nuna ba haka ba ne: insulin yana daɗewa a jinin wanda ya jima yana allura, domin jikinsa ya ƙera sinadaran kariya da ke cafke shi su hana shi aiki. Da ƙyar mujallun kimiyya suka yarda su buga wannan sakamako. A ganina nan ne tarihin ya juya, domin an gane cewa ba sakacin mai jinya ba ne kullum ke sa suga ya ƙi sauka. Daga wannan bincike suka ƙirƙiro hanyar auna sinadarai ƙanana a jini, wadda ta kai Yalow ga kyautar Nobel a 1977. Berson bai ga ranar ba, ya rasu a 1972.

Daga baya aka rarrabe sinadaran kariyar: sinadarin IgE ke jawo bori, IgG kuma ke ɗaure maganin. A tsarinsa, insulin na saniya ya bambanta da namu a wuri uku, na alade a wuri ɗaya. A shekarun 1970 aka inganta tacewa, a 1982 kuma Humulin ya fito, irin na ɗan Adam da ƙwayoyin bakteriya ke samarwa.

Matsalar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba. Yau sau da yawa abin da aka haɗa da maganin ne ke tayar da bori, kamar furotamin da ake samu daga kifi. Likita yakan sauya nau'in insulin, ko ya fara da ɗan mitsitsi yana ƙarawa a hankali har jiki ya saba.