Daga Rumbu Zuwa Sito: Tarihin Zaman Katsina da Ɓera

Duk shekara, da zarar an gama shigo da gero da dawa daga gona, hunturu ya fara kaɗawa, sai kasuwar masu maganin ɓera ta buɗe a Katsina. Ana jin lasifikarsu a bakin kasuwa da tashoshin mota. Cikin masu saye har da mazauna sababbin unguwanni, masu gidan bulo da tayil da silin na zamani, waɗanda suka ɗauka sun baro ɓera a gidajen ƙasa na cikin gari. Sai ga shi ya riga su tarewa.

Tarihin birnin ya nuna hanyoyi uku da aka bi wajen tsare gida daga wannan dabba. Ta farko ita ce tsarin gini da ajiyar abinci. Ta biyu ita ce sa idon hukuma a kan tsabtar unguwa. Guba ce ta zo a ƙarshe, ita ce mafi rauni a cikinsu, kuma ita ce kusan kaɗai ta rage a hannun magidanta a yau.

Gari da gona a cikin ganuwa ɗaya

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a farkon 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14, mutanen ciki kuwa bai ga sun wuce dubu bakwai ko takwas ba. Yawancin filin da ganuwar ta kewaye gonaki ne da kangaye. Ke nan tun asali gidan Bakatsine maƙwabcin gona ne, duk abin da ke rayuwa a gona kuma yana da hanyar zuwa gida.

Harshe ma ya adana shaidar wannan maƙwabtaka. Akwai ɓera, wanda Katsinawa da Sakkwatawa ke kira kusu. Akwai gafiya, da namijinta burgu, masu haƙa rami ƙarƙashin katanga suna tara tsaba a kumatu. Akwai jaɓa mai dogon baki da wari, wadda ake haɗawa da su bisa kuskure, alhali ƙwari take ci ba hatsi ba. Mutanen da suka rarrabe waɗannan dabbobi da sunaye haka sun daɗe suna lura da halayensu, daga wannan lura ne kuma tsarin ajiyarsu ya fito.

Dabarar da ke cikin rumbu

Rumbu, na zana ne ko na ƙasa da ake kira rufewa, ba a ɗora shi a kan ƙasa kai tsaye. Ana dasa shi bisa duwatsu, a bar sarari a ƙarƙashi. Wannan sarari yana hana laima da gara, yana kuma hana ɓera haƙo rami ya ɓullo cikin hatsi ba a sani ba. Kaji da kyanwa, wadda a nan ake ce wa mussa, suna ratsawa ta wurin dare da rana. Jikin rufewa sumul yake, bakinta ƙarami ne a sama, ana rufe shi a kifa masa jinka. Rumbun kuma yakan tsaya shi kaɗai a tsakar gida, nesa da bangon ɗaki, inda ido ke kaiwa ko'ina a jikinsa.

Yadda ake zuba hatsin ma yana da tasiri. Gero da dawa a dami ake ajiye su, da zangarniyarsu. Maigida yakan fitar da na kwana ɗaya ko biyu, mata su sussuke, su surfa, su daka. Saboda haka tsabar da ke kwana a ɗaki kaɗan ce, ita ma tana cikin tukunya ko ƙwarya an rufe da faifai. Nono da fura da sauran tuwo ana rataye su a ragaya, wadda ke lilo daga rufin ɗaki. Ɓera ba ya rasa abin tsinta a irin wannan gida, amma ba ya samun abin da zai ishe shi ya tara zuri'a mai yawa.

Ginin ƙasa kansa ba ya gagarar haƙorin ɓera. Abin da ya tsare shi shi ne gyaran da ba ya yankewa. Bayan kowace damina ana yaɓe katanga, a toshe ramuka da tsagogi, a shafe da makuba. Mata sukan taru su yi daɓen ɗaki har ƙasan ya yi tauri kamar dutse. Ramin da ɓera ya haƙa ba ya shekara ba a gan shi ba. Karin maganar da ke cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, ta taƙaita wannan fahimta: rabin laifin yana wuyan wanda ya bar abinci a sake.

Annobar Legas da zuwan duba-gari

Turawan mulkin mallaka sun shigo Katsina a 1903 da wani tsoro na daban game da ɓera. A 1894 aka gano ƙwayar cutar annobar nan mai kumbura kaluluwa a Hong Kong, a 1898 kuma likitan Faransa Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙumar da ke jikin ɓera ce ke kai ta ga mutum. Jiragen ruwa suka yi ta yawo da ɓeraye masu ɗauke da ita daga wannan tasha zuwa waccan, har ta sauka Legas a 1924, ta yi ta kisa zuwa 1931. Gwamnati ta kafa rundunonin kamun ɓera, ta rushe unguwanni masu cunkoso, a 1928 kuma ta kafa hukumar tsara birnin Legas saboda wannan dalili.

Hanyar jirgin ƙasa ta riga ta isa Kano tun 1911, ana kuma jigilar gyaɗa da auduga da fatu tsakanin Arewa da bakin teku. Duk wagon da ya ɗauko kaya yana iya ɗauko ɓera. A wannan zamani ne aikin tsabtar gari ya zama sashe na mulkin En'e, aka kuma buɗe makarantar horar da ma'aikatan tsabta a Kano a 1932. A Katsina wannan ya faɗo cikin sarautar Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944.

Ma'aikacin da jama'a suka raɗa wa suna duba-gari yana shiga unguwa ya duba randar ruwa, da masai, da kwata, da juji. Wanda aka samu da ƙazanta yana iya tsintar kansa gaban alƙali. Mutane ba su ƙaunaci aikin ba, don yana taɓa sirrin gida, wani lokaci kuma ana amfani da shi wajen cin zali. Duk da haka ya tabbatar da wata gaskiya da rumbu kaɗai bai isa ya tabbatar ba: jujin maƙwabci matsalar kowa ce, domin ɓera bai san iyakar fili ba. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ƙarfin duba-gari ya yi ta raguwa. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta farfaɗo da batun a 1985 ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a, inda aka gaji sharar ƙarshen wata. Sai dai sharar yini ɗaya ba ta maye gurbin mai zagayawa kullum ba.

Abin da aka gano a Lassa

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, a Arewa ana kallon ɓera a matsayin ɓarawon hatsi da mai ɓarnar tufafi. A Janairun 1969 wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, an garzaya da ita Amurka ta warke, masana a Jami'ar Yale kuma suka ware ƙwayar cutar suka sa mata sunan garin. A 1970 likitar asibitin na Jos, Jeanette Troup, ta mutu bayan ta yanke a hannu wurin binciken gawa.

Sai a 1972, lokacin wata ɓarkewa a Saliyo, aka gano inda cutar ke maƙale: wani ɓeran gona mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys natalensis. Cutar ba ta kashe shi. Yana zubar da ita a fitsari da kashi a kan abinci, da kwanuka, da shanyar da aka baza a ƙasa. Alamu sukan bayyana cikin mako uku, su fara kamar zazzaɓin cizon sauro, abin da ke sa a makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ta kwantar a asibiti da tsanani wajen kashi 15 cikin ɗari suna mutuwa, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma sukan kurumce. Har yanzu babu allurar rigakafin da aka amince da ita.

Cutar ta fi ƙamari a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, kuma ta fi tashi da rani, tsakanin Disamba da Afrilu. Arewa maso yamma ba ta tsira ba: a Janairun 2020 ta kashe likitoci biyu a Kano. Ɓeran da ke ɗauke da ita kuwa ɗan gida ne a duk wannan yanki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan birnin Yamai ya nuna shi ne ya mamaye gidajen jama'a, baƙin ɓeran da fatauci ya kawo kuma ya fi zama a kasuwanni da masana'antu.

Birnin da ya tsallake ganuwa

Ranar 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiri Jihar Katsina, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo, gine-gine suka fita ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya da Ƙofar Sauri, suka bi hanyoyin Kano da Dutsinma da Daura da Jibiya. Rukunin gidaje irin su Goruba da Barhim suka tashi. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Katsina sun haura dubu 300.

Akasarin waɗannan unguwanni a kan gonaki aka yanka su, wato a mazaunin ɓeran gona. Tsakanin gida da gida akwai filin da ba a gina ba, wanda ake nomawa da damina, ya zama juji da rani. Akwai kangon da mai shi ya kai linta kuɗi suka yanke. Idan aka girbe amfani, aka cinna wa ciyawa wuta, yara suka fita farautar gafiya, abin da ya tsira sai ya nufi gida mafi kusa.

Gidan da ya tarar kuwa ya fi na ƙasa daɗin zama. Silin ya ba shi ɗaki mai duhu wanda ba mai leƙawa. Ramukan da mai aikin famfo da mai wayar lantarki suka fasa ba a toshe su ba. Ƙasan ƙofar kicin akwai tazara, bututun sokawe a buɗe yake. Mafi muhimmanci, rumbu ya koma sito: buhunan masara da shinkafa da wake, tsaba zalla, an jibge su a ƙasa an jingina da bango a ɗakin da ba a buɗewa sai za a ɗiba. Ma'aikacin da ya sayi abincin shekara da kaka don gudun tsada ya yi dabara, amma buhun leda ba ya tsare komai daga haƙorin da ke tsiro muddin rai, wanda dole mai shi ya yi ta gurgura, ko da wayar firji ce ko ta mota.

Iyakar guba

Maganin ɓera na zamani ya samo asali ne daga wafarin, wanda aka haɗa a Jami'ar Wisconsin ta Amurka aka fara sayarwa a 1948. Yana hana jini daskarewa, ɓera ya mutu bayan kwanaki. Shekara goma kacal bayan haka, a 1958, aka samu ɓerayen da ba ya kashewa a wata gona a Birtaniya. Tun daga nan ake ta ƙara wa guba ƙarfi, haɗarinta ga yara da kaji da kyanwa yana ƙaruwa tare da ita. Wadda ake ƙullawa a leda ba suna ba bayani ta fi kowace haɗari, don ko an kai yaro asibiti likita bai san abin da ya ci ba.

Ko gubar ta yi aiki, lissafi ba ya goyon bayanta. Macen ɓeran gona tana ɗaukar ciki na kimanin mako uku, ta haifi goma ko fiye a lokaci guda. Muddin abinci da maɓoya suna nan, gurbin waɗanda suka mutu zai cike kafin wata biyu. Faransawa sun ga irin wannan a Hanoi a 1902, da suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera: an kawo wutsiyoyi dubbai, aka kuma fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo, wasu mutane ma suka koma kiwonsu. Ƙirga gawa ba ya rage ɓera.

Abin da ke rage shi tsohon tsarin nan ne cikin kayan yau. Hatsi ya koma duron ƙarfe ko na roba mai kauri mai murfi. Buhun da ya zama dole a ɗora shi bisa katako, a janye shi daga bango yadda za a iya zagaya shi, kamar yadda ake zagaya rumbu. Bayan damina a bi gida da siminti da ragar ƙarfe, a toshe duk kafar da ta kai kaurin fensir, a sa wa ƙasan ƙofa faranti. A daina shanya a ƙasa, a daina barin kwanuka su kwana da sauran abinci. Kashin ɓera a jiƙa shi da ruwan bilic kafin a kwashe, don sharar busasshe tana tayar da ƙurar da ake shaƙa. Tarko ya fi guba, domin yana nuna inda ɓeran ke bi, gawar kuma ba ta ruɓewa a cikin silin.

Sauran aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya. Filin da aka bari, da kangon da ya cika da ciyawa, da kwatar da ta toshe, sai ƙungiyar unguwa da mai unguwa da jami'an lafiyar muhalli sun sa hannu. Unguwannin da suka iya haɗa kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma suna iya haɗa na kwashe shara, su kuma matsa wa masu filaye su share abinsu kafin kaka ta shigo.