Daga Rikodar Biki Zuwa Iyafis ɗin Mawaƙi: Wa Ya Adana Wasan Zongo?

Duk wanda ya san Abossey Okai a birnin Accra, ko Ankara kamar yadda tsofaffin Zongo ke kiranta, da kayan gyaran mota ya san ta. Amma daf da wannan kasuwa akwai Sabon Zongo, unguwar da Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya fito daga Katsina, ya kafa a farkon ƙarni na 20. Can arewacin birni kuma ga Nima da Maamobi. Shekara da shekaru ke nan ana suna ana aure a waɗannan unguwanni, ana kiɗa, maroƙi na kiran sunan uwar biki da na kakanninta. Wata manazarciya Ba'amurkiya, Deborah Pellow, ta yi rubutu a 1997 kan maroƙa maza da ke wasa a tarukan matan Hausawan Accra, kuma rubutun yana nan. To muryar fa? Idan mai karatu ya ce a jiyar da shi yadda wancan maroƙi ya yi wasa a wani daren Asabar na shekarun 1980, a ina za a samo?

Ba a kamfanin faifai ba. Idan an dace, a cikin akwatin wata Hajiya za a samu, a kaset ɗin da wani ƙane ko ɗan ɗaki ya ɗauka da rikodar da ya ɗora bisa benci, ba da izinin kowa ba.

Wannan ɗabi'a ta girmi kaset nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1900, wani ma'aikacin gidan waƙar Metropolitan da ke New York, Lionel Mapleson, ya riƙa hawa can saman dandamali da na'urar Edison yana ɗaukar mawaƙa suna tsakiyar wasa. Sautin ya yi shuu kamar ana ruwa a kan kwano, amma yau da shi ake jin yadda waɗansu manyan mawaƙan zamanin suke a gaban jama'a. A 1947 da 1948 kuma wani mai suna Dean Benedetti ya bi mabushin nan Charlie Parker daga wannan gidan rawa zuwa wancan. Sai Parker ya fara busa yake kunna na'ura, da ya tsaya ya kashe, sauran makaɗa ko oho. A riƙe wannan Benedetti, za mu koma kansa.

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 rikoda ta zama tsarabar alhazai da fatake daga Kano har Kumasi. A Ghana zuwanta ya zo daidai da mawuyacin hali. Tattalin arziki ya durƙushe, buga faifan garmaho ya tsaya cik. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, dokar hana fitar dare ta yi sama da shekara biyu, gidajen rawa suka mutu, makaɗa da dama suka watse zuwa Nijeriya da Jamus. Abin da ya rage wa mai son kiɗa shi ne bikin rana da kuma ɗan kiyos ɗin mai kwafar kaset. Ka kawo kaset ɗinka fanko, ka faɗi waƙar da kake so, gobe ka dawo ka karɓa. Gwamnati ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1985, a farkon shekarun 1990 kuma aka shigo da wata 'yar takarda da ake liƙa wa kaset na halal don a bambanta shi da na sata. Wannan ya shafi masu kwafar abin da kamfani ya riga ya buga. Mai ɗaukar wasan biki ba shi ake nema ba, don abin da ya ɗauka babu kamfanin da ya taɓa mallakarsa, kuma ba don shi ba da ya bi iska.

Kada a ce ai akwai gidan rediyo. Akwai, kuma tun zamanin mulkin mallaka Hausa tana cikin harsunan da rediyon Ghana ke magana da su. Amma a 1989 gobara ta cinye ɗakin ajiyar hotuna masu motsi na gidan rediyo da talabijin na ƙasar. Ko abin da aka ɗauka bisa ƙa'ida ma, mai almakashi ne ke da ta cewa. Dubi babban wasan Soul to Soul da aka yi a dandalin Black Star ranar 6 ga Maris 1971, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Santana suka kwana suna wasa. An yi fim, an buga faifai, amma baƙin ne suka cinye kusan duk filin, makaɗan gida sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da aka sake fitar da fim ɗin a 2004, an cire wasan Roberta Flack bisa buƙatarta. Kaset ɗin bayan fage ba ya da edita, ba ya da lauya, shi ya sa yakan riƙe abin da na hukuma ya zubar.

Ga Bahaushe maganar ta fi haka nauyi, saboda irin waƙarmu. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba ya rubuta waƙa. Amshi ɗaya ne, amma ɗiyan waƙar suna sauyawa gwargwadon wanda ya shigo fili, da abin da ya bayar, da wanda ya yi rowa. Waƙa guda in ya yi ta sau biyar, waƙa biyar ce. Saboda haka mai son Shata na gaske ba ya tsayawa ga sunan waƙa, sai ya tambaya, wace ɗauka? Ta gidan rediyo ko ta bikin wane? Haka abin yake ga ƙananan maroƙan Zongo, sai dai su ba su da wata ɗauka face ta biki. A cikin irin wannan kaset za ka ji guɗa ta rufe kalangu, ka ji sanƙira ya katse waƙa yana shelar Hajiya wance ta ba da kaza, ka ji yaro yana kuka kusa da makirfo. Injiniya zai ce hayaniya ce. A wurina rajistar unguwa ce: wa ya auri wa, wace ƙungiyar zumunci ce ke tashe, nawa ne kuɗin da ake yi wa guɗa a wannan shekara.

Yanzu bari mu zo ga sabon salon ɗaukar bayan fage, wanda ya sa masu tara irin waɗannan sautuka a Turai da Amurka suka daɗe suna musu. A da mawaƙi yana jin kansa ne ta sifikun da ake kwantarwa a gabansa. Daga shekarun 1980 manyan mawaƙa irin su Stevie Wonder suka fara sa iyafis maras waya a kan dandamali, kuma a 1995 wani injiniya, Jerry Harvey, ya ƙera wa makaɗin gangar ƙungiyar Van Halen wani ingantacce da ya buɗe kasuwar. Yadda yake aiki shi ne, daga miksa ake haɗa wa kowane mawaƙi sautin da yake bukata, a watsa masa ta iska kamar wata 'yar tashar rediyo, ƙaramar na'urar da ke ɗaure a ƙugunsa ta kama. To abin da aka watsa ta iska, duk mai na'urar kamawa da ya gano zangon zai iya kama shi, wani lokaci ma daga bayan katanga. Magoya bayan ƙungiyar U2 sun yi suna a wannan harka.

Wanda ya fara jin irin wannan ɗauka yakan yi mamaki. Murya tas, kamar mawaƙin a ɗakinka yake, har numfashinsa kana ji. Sai an yi minti biyar ake gane aibin. Ba don kai aka haɗa sautin ba, don kunnen mutum ɗaya aka haɗa. In na mai jan waƙa ka kama, muryarsa ta danne komai. In na mai ganga ne, ganga da wani ƙas-ƙas mai ƙidaya lokaci za su yi ta dukan kanka har a tashi. Ga muryar da ke ƙirga wa makaɗa ɗaya, biyu, uku, huɗu, ga shugaban makaɗa yana cewa a sake zagayowa. Benedetti ke nan ya dawo da sabuwar riga: mutum ɗaya a fili, saura a inuwa.

Akwai kuma aibin na'ura. Tsofaffin irin waɗannan na'urori suna matse sauti kafin su watsa, mai kamawa ya sake buɗe shi. In na'urar mai ɗauka ba irin ta mai watsawa ba ce, buɗewar ba ta daidaita, sai ka ji sauti yana kumbura yana sacewa, ga shuu a ƙarƙashi. Siririn sauti na can sama yana yankewa, kamar dai na tashar FM. In mutum ya gitta ko zango ya kauce, sai tsaki da katsewa. Sababbin na'urori masu kulle saƙo kuwa suna neman rufe ƙofar baki ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗaukar abin da mawaƙi ya jiyar da jama'a daban, saurarar abin da ake raɗa masa a kunne daban. Na farkon tsintuwa ce a kasuwa, na biyun ya fi kama da laɓe a bayan ɗaki, kuma dokar Ghana ta 2005 ta ba mai wasa ikon hana a ɗauki wasansa ba da yardarsa ba.

Amma babban abin da ɗaukar iyafis ta rasa shi ne jama'a. Iyafis toshe kunne yake yi, har sai an kafa makirfo na musamman a bakin dandamali kafin mawaƙi ya ji tafi. Ka ƙaddara an ɗauki wasan Sallah da 'yan ƙungiyar VIP, 'ya'yan Nima, suka saba shiryawa a unguwarsu, ta wannan hanya. Za ka ji mawaƙi ya jefa rabin baiti ya yi shiru, kai kuma ka ji fanko, alhali a wannan daƙiƙa dubban mutane ne suke ƙarasa masa. A waƙar da aka gina kan jefawa da caɓewa, rabin waƙar a bakin 'yan kallo take. Wayar wani saurayi da ke tsakiyar cunkoso, da duk fashewar sautinta, ta kama wannan rabin.

Shi ya sa ƙwararrun masu wannan sana'a suka koma haɗa biyun, aikin da kowane makanike a Abossey Okai zai gane: inji daga wannan mota, giya daga waccan. Sukan ɗauki sautin iyafis don tsabtar murya, su shimfiɗa na cikin jama'a a ƙarƙashi don a ji fili. Aikin yana cin rai, domin na iyafis yana isowa nan take, na iska kuwa tafiya yake, kimanin mita 340 a daƙiƙa. Wanda ya tsaya mita 34 daga sifika, ɗaukarsa ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma kunne yana jin wannan a matsayin amsa-kuwwa. Sai an zauna ana matsar da ɗaya a kan ɗaya, bugun ganga bayan bugun ganga, har su hau juna.

Kaset ɗin bikin Sabon Zongo ba shi da abokin haɗi, shi kaɗai ne. Ga danshin Accra yana sa wa zarensa fumfuna, ga rikodar da za ta juya shi ta yi wuyar samu, sai dai a tsohuwar rediyon mota. John Collins ya kafa gidan adana kiɗa na Bokoor a 1990, jami'ar Legon kuma tana riƙe da abin da Farfesa Nketia ya fara ɗauka tun shekarun 1950. Na Zongo kuwa yawancinsa yana cikin akwatuna da ƙarƙashin gado, an rubuta masa da biro a jiki: sunan amarya, da wata, wani lokaci ko shekara babu.