Nihoniyam: Ƙwaya Uku Cikin Shekara Tara

A wannan makon za mu ɗan ajiye zancen ƙagaggen labari mu leƙa tarihin kimiyya, mu ga yadda ƙasar Japan ta samu damar raɗa wa wani sinadari suna, da irin shaidar da aka nema daga gare ta kafin a yarda.

Duk wanda ya yi ajin kimiyya a sakandare zai tuna jadawalin sinadarai mai gida-gida da ake liƙawa a bango, wanda Dmitri Mendeleev na Rasha ya fara tsarawa a 1869. Kowane gida da lambarsa, kuma lambar ita ce yawan furoton da ke cikin cibiyar ƙwayar zarrar wannan sinadari. Ƙarfe na da 26, zinare 79, yuraniyam da ake haƙowa a Arlit ta Nijar kuwa 92. Daga nan zuwa sama ƙasa ba ta ba da komai sai ɗan ɓurɓushi, domin furoton ba sa jituwa da juna, kowane ture ɗan'uwansa yake yi. In suka yi yawa a cibiya ɗaya, ba ta daɗewa take rushewa. Mai son ganin sinadari na 113 dole ya ƙera abinsa.

Lissafin ƙerawar ko ɗan firamare zai iya. Tutiya na da furoton 30, bismut na da 83, in an haɗa 113 ke nan. Aikin ne ba sauƙi. A cibiyar bincike ta RIKEN da ke garin Wako, kusa da Tokiyo, tawagar Kosuke Morita ta fara gwaji a watan Satumba na 2003. Sukan harba ƙwayoyin tutiya da gudun da ya kai kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, su doki siririn faifan bismut. Cibiyar ƙwayar zarra ƙarama ce ƙwarai, saboda haka yawancin harbin wucewa yake yi. Wanda ya samu ma, in ƙarfin ya gaza sai cibiyoyin biyu su ture juna, in ya yi yawa su haɗe su tarwatse nan take. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yar siririyar kafa, ita ake nema.

Ran 23 ga Yuli 2004 na'urarsu ta kama ƙwaya ɗaya. Ta biyu ta zo ran 2 ga Afrilu 2005. Daga nan shiru, har shekara bakwai.

Ba su kaɗai ne a fagen ba. A Dubna ta Rasha, tawagar Yuri Oganessian tare da masana daga cibiyar Livermore ta Amurka sun bi wata hanya: a 2003 suka harba kalsiyam kan amerisiyam suka samu sinadari na 115, wanda da ya rushe ya koma na 113. Sun buga sakamakonsu a watan Fabrairu na 2004, watanni kafin Morita ya ga ƙwayarsa ta farko, kuma hanyarsu ta fi yawan haihuwa nesa ba kusa ba. Da da riga-rigen lokaci ko yawan ƙwayoyi ake yanke hukunci, da Japan ba ta ji ƙanshin sunan ba.

To, da me ake yanke shi? Nan ne gishirin labarin yake. Babu wanda ya taɓa ganin wannan sinadari da ido. Irin wanda Morita ya ƙera ba ya wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa a raye. Abin da na'ura ke kamawa sawunsa ne: cibiyar takan tofar da wata 'yar ƙwaya da ake kira alfa, mai furoton biyu da nutiron biyu, sai lambarta ta ragu da biyu. Na 113 ya koma 111, wannan ya koma 109, sai 107, sai 105. Kowane mataki da ƙarfinsa da tsawon lokacinsa. Idan jerin ya gangaro har ya iso kan wata cibiya da masana suka riga suka san halinta sarai, sai a ƙirga a koma baya a tabbatar da lambar kakan. Mu da muka saba jin malamai na bin isnadi, wane daga wane daga wane, ba za mu sha wahalar gane wannan ba. Salsalar da ta yanke a hanya, ko ta ƙare kan wanda ba a sani ba, ba ta zama hujja.

Matsalar Dubna ke nan. Jerinsu yana bi ta kan cibiyoyin da su ma sababbi ne, sannan ya ƙare da tsagewar cibiya gida biyu, abin da ba ya nuna ainihin lambar mai tsagewar. Ƙwayoyin Morita biyu na farko su ma ba su tsira ba: bayan alfa huɗu, sun iso dubniyam mai lamba 105 suka tsage. A 2011 kwamitin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin duniya biyu, IUPAC ta masana sinadarai da IUPAP ta masana fiziya, ya duba hujjojin ɓangarorin biyu ya ce babu wadda ta isa.

Abin da tawagar Morita ta yi a shekarun shirun nan ya fi burge mu fiye da ranakun nasarar. Da suka ga inda salsalarsu ke da rauni, sai suka dakata da neman 113, a tsakanin 2008 da 2009 suka koma suka ƙera boriyam mai lamba 107 kai tsaye, daga kuriyam da sodiyam, don su auna yadda yake rushewa su mai da shi sananne. Wato sun je sun tabbatar da jikan tukuna kafin su dawo kan kakan. Ana cikin haka girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta Maris 2011 ta afka wa Japan, wutar lantarki ta yi tsada, aka taƙaita aikin na'urorin RIKEN. An bar wa tawagar damar gwaji ɗaya, suka zaɓi ci gaba da tutiya da bismut.

Ran 12 ga Agusta 2012 ƙwaya ta uku ta bayyana, kuma wannan karon dubniyam bai tsage ba. Ya tofar da alfa ya koma 103, wannan ma ya tofar ya koma mendelebiyam mai lamba 101. Alfa shida a jere, ƙarshensu kan cibiyoyin da aka daɗe da sani. An shafe sama da kwana 500 ana harbi, an yi karo kimanin tiriliyan 400, abin da aka samu ƙwaya uku.

A ƙarshen Disamba 2015 aka sanar cewa RIKEN ce ke da haƙƙin gano na 113. A rana guda aka ba Dubna da abokan aikinta na Amurka na 115 da 117 da 118. Mutanen Dubna ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma a ganinmu ƙorafinsu ba na banza ba ne: in an yarda sun ƙera 115, ai an yarda ke nan 113 ya fito daga cikinsa. Sai dai hujjojin da suka ƙarfafa jerin nasu daga baya suka zo, bayan Morita ya riga ya rufe tasa salsalar.

Batun sunan kuwa yana da tsohon miki. A 1908 wani masani ɗan Japan, Masataka Ogawa, wanda ya yi aiki a Landan ƙarƙashin William Ramsay, ya sanar da sabon sinadari ya sa masa nipponiyam, daga Nippon, sunan ƙasarsa. Ya ajiye shi a gida na 43. Ba a iya tabbatar da shi ba, sunan ya faɗi, alamarsa Np ma daga baya aka ba neptuniyam. Shekaru da dama bayan rasuwarsa, Kenji Yoshihara ya sake nazarin abin da ya bari ya nuna cewa mai yiwuwa ne Ogawa ya riƙe sinadari na 75, wanda Jamusawa suka gano a 1925 suka kira reniyam. Abu na hannunsa, gidan ne ya kuskure. Ƙa'ida ba ta yarda a sake amfani da sunan da ya taɓa faɗuwa ba, amma Japanawa na kiran ƙasarsu da lafazi biyu, Nippon da Nihon. Sai suka ɗauki na biyun. An gabatar da nihoniyam, mai alamar Nh, a watan Yuni na 2016, aka amince ran 28 ga Nuwamba. Shi ne sinadari na farko da aka ba wata ƙasar Asiya haƙƙin ganowa.

Game da halayensa, abin da aka auna kaɗan ne. A jadawali yana layi ɗaya da alminiyam, ƙarƙashin taliyam, don haka ana hasashen ƙarfe ne mai nauyi. Nau'insa mafi daɗewa, mai nauyin 286, rabinsa kan rushe cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka, kuma ta hanyar Dubna ake samunsa. Duk da ƙarancin lokacin, masana sun samu damar gwada nihoniyam ƙwaya-ƙwaya, suna duba yadda yake liƙewa a jikin zinare ko ma'adinin gilashi. Gwajin da aka yi a Darmstadt ta Jamus ya nuna bai kai taliyam saurin haɗuwa da wasu sinadarai ba, kamar yadda lissafi ya nuna tun farko: cibiya mai nauyi haka tana jan wasu elektiron ɗinta da ƙarfin da ke sa su gudu kusa da gudun haske, su manne mata su ƙi shiga hulɗa. Ba a yin komai da nihoniyam a masana'anta ko asibiti. Amfaninsa shi ne gwada hasashen cewa a wajen furoton 114 da nutiron 184 akwai wani yanki da cibiyoyi masu nauyi za su fi daɗewa.

A Wako yanzu akwai titin da ake kira Titin Nihoniyam, daga tashar jirgin ƙasa zuwa RIKEN, an jera alamomin sinadarai a gefensa ɗaya bayan ɗaya. A cikin cibiyar kuwa an koma harba banadiyam mai furoton 23 kan kuriyam mai 96, ana neman na 119, wanda zai buɗe layi na takwas a jadawalin.