Kitsen Akuya da Haihuwarta: Daga Turken Minjibir Zuwa Ɗakin Bincike

Sau da yawa in za mu zana ƙauye a labari, sai mu ajiye akuya a tsakar gida tana kuka, mu wuce. Alhali a ƙasar Minjibir, Gezawa da Dawakin Tofa, akuyar nan asusun matar gida ce. Idan ta tsallake shekara ba ta haihu ba, kayan ɗakin 'ya ne suka ragu.

Wannan yanki shi Turawan bincike suka kira cunkusasshiyar ƙasar noma ta Kano, kuma Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960. Gona na manne da gona, ba saura, ba makiyaya. Shi ya sa da damina ake ɗaure dabbobi a turke ana yanko musu ciyawa, takinsu kuma a kai gona. Da rani abincinsu harawa ce da dusa da kowar wake. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, harawarta ta wadata. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sun taɓa rumbun mutum, sun kuma taɓa turken dabba.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin cewa akuyar da ta rame da bazara takan yi jinkirin neman bunsuru, kuma wadda ta murmure ita ta fi kawo tagwaye. Yadda jiki ke auna wannan lissafi shi ne ya ɗauki masana shekaru.

A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, aka ga wasu ɓeraye masu ƙiba fiye da kima, masu ci ba ƙoshi, kuma ba sa haihuwa. Sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano abin da ɓerayen suka rasa, wato wani sinadari da kitse ke sakawa cikin jini, wanda aka raɗa wa suna leptin. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin yawan ajiyar da ke jiki. In ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa sai ta rage sinadaran da ke tayar da gidan ƙwai, kamar maigidan da ya leƙa rumbu ya ɗage biki. A 1995 aka gano makarɓarsa a jikin ƙwayoyin halitta, a 1996 kuma aka yi wa matan ɓerayen allurarsa, suka ɗauki ciki.

Daga nan bincike ya koma kan dabbobin kiwo, har da alade. Kada sunan ya sa mu kau da kai. Ba cinsa aka ce mu yi ba, masu kiwonsa a Turai ne ke son 'ya'ya da yawa, suka zuba ido. An samu makarɓar leptin a cikin gidan ƙwan aladen kansa, kuma yawanta na sauyawa da zagayen sinadaran haihuwa. Ke nan saƙon kitse ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake sauka ba. An ga irin wannan a shanu da tumaki.

A ganinmu, nan ne marubuci zai tsinci abin rubutu. Jar akuyarmu, wadda fatarta ta yi suna har ƙetaren Sahara, wata biyar take ɗaukar ciki. Don haka 'yan akuyar da muka sa a babi na goma, abincin da uwarsu ta ci a babi na uku ne ya kawo su. In jarumarmu ta sayar da harawarta a watan Maris don ta biya kuɗin magani, mai karatu na Ɗambatta ya riga ya san abin da zai biyo baya a turkenta.