Carnegie: attajirin da ya gina ɗakunan karatu, ya kuma murƙushe ma'aikatansa

1/ Duk lokacin da aka taso da zancen attajirai, sai ka ji wani ya ce "ai yana taimako". Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, ga tarihin mutumin da ya mai da wannan magana tamkar aƙida. Zare 🧵

2/ An haifi Andrew Carnegie a 1835 a Sikotilan, ɗan masaƙi. Injina suka kashe sana'ar uban, sai suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848. Aikinsa na farko a masaƙa, dala 1.20 ake biyansa a mako. Ya san talauci kam, ba labari aka ba shi ba.

3/ Daga aikin wayar tangaraho ya shiga kamfanin jirgin ƙasa, daga nan sai ƙarfe. Kafin ƙarshen ƙarnin ya zama uban harkar ƙarfe a Pittsburgh.

4/ A 1889 ya rubuta maƙalar da aka fi sani da Gospel of Wealth. Hujjarsa: tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka ita ce kuɗin da ake biya don samun cigaba. Dukiya ta taru a hannun 'yan kaɗan masu basira, su kuma su riƙe ta amana, su rabar tun suna da rai.

5/ Magana mai daɗin ji. To shekara uku kacal bayan nan aka gwada ta.

6/ 1892, masana'antarsa ta Homestead. Yarjejeniyar albashi ta ƙare, shugaban kamfanin Henry Clay Frick ya nemi rage kuɗin ma'aikata. Da ƙungiyarsu ta ƙi, ya rufe ƙofa, ya kewaye wurin da shinge mai waya. Carnegie fa? Yana can Sikotilan, ya sakar wa Frick ragama.

7/ Ran 6 ga Yuli, 'yan bindigar haya na kamfanin Pinkerton su 300 suka iso ta kogi. Aka wuni ana harbi, mutum kamar goma suka mutu, galibi ma'aikata. Gwamna ya turo dubban sojoji. Zuwa Nuwamba yajin ya karye, ƙungiyar ta wargaje. Shi kuwa wannan bawan Allah, a 1886 da hannunsa ya rubuta cewa ma'aikata suna da haƙƙin kafa ƙungiya.

8/ A 1901 ya sayar wa J.P. Morgan kamfanin a kan dala miliyan 480. Kuma gaskiya ya cika alkawari: kafin rasuwarsa a 1919 ya bayar da kimanin miliyan 350, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500. Ba ƙaramin abu ba ne, kar mu raina. Yara da yawa a can suka fara taɓa littafi.

9/ Amma ga inda na tsaya. Shi da bakinsa ya nuna cewa da ya ƙara albashi, kuɗin a ci da sha da sutura za su ƙare, gara ya riƙe ya gina musu abin da zai amfane su. Wato ya rage wa mutum guminsa, sannan ya zaɓar masa abin da ya dace da shi. Wa ya naɗa shi waliyyinsu? An tambayi matar da ke auna abincin yara ko ta fi son laburare?

10/ Ni a ganina kyautar ba ta amsa tambayar. Tambayar tana wurin tarawa, tun kafin a zo wurin rabo.

11/ A 1898 aka buɗe ɗakin karatun da ya gina wa Homestead, har da zauren kiɗa da wurin ninƙaya. Yana nan har yau. Mutanen da aka ce don su aka yi shi, da yawansu awa 12 suke yi kullum a gaban wuta. Sai a 1923 manyan kamfanonin ƙarfe na Amurka suka fara janye wannan tsari, Carnegie na da shekara huɗu a kabari.