Gidan Kallo da Filin Gida: Ina Kuɗin Ƙwallo Ke Zuwa?

A shekarar 1996 aka ƙirƙiro jihar Zamfara, a shekarar ce kuma aka fara buga MLS, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa ta Amurka. Hukumar FIFA ce ta gindaya wa Amurkawa sharaɗin kafa gasar kafin ta ba su ɗaukar nauyin Kofin Duniya na 1994, wanda Najeriya ta fara halarta, inda Rashidi Yekini ya zura wa Bulgeriya ƙwallo. Masu nazari kan ce talabijin ne ya raya ƙwallo a Amurka. A ganina maganar ba ta cika ba, kuma gidajen kallon Birnin Tudu da Bakura da Talata Mafara a Zamfara sun isa hujja.

Duk wanda ya shiga irin wannan gida ranar Asabar ya san yanayinsa: rumfar kwano, bencina a jere, janareto na ruri a baya, allo a bakin ƙofa an rubuta wasannin yini da alli, yaro na karɓar kuɗin shiga. Matashin da bai taɓa wuce Gusau ba zai ce "mun ci ku", yana nufin Chelsea ta doke Arsenal. Wannan "mu" ɗin ba daga sama ya faɗo ba. Zuwan Kanu Arsenal a 1999 da na Mikel Obi Chelsea a 2006 su suka share hanya, tashoshin SuperSport na DStv suka ƙarasa aikin. Ke nan ta fuskar tara 'yan kallo, talabijin ya yi mana abin da ya yi wa Amurka.

Bambancin yana ga inda kuɗin ke sauka. A 2022 kamfanin Apple ya sayi haƙƙin nuna wasannin MLS na shekara goma a kan dala biliyan 2.5, kuɗin kuwa gasar da ƙungiyoyinta suka shiga. Shekara guda bayan haka Messi ya koma Inter Miami. Su ma fa Amurkawa suna rububin kallon Firimiyar Ingila, wadda NBC ke nuna musu tun 2013, sai dai gasarsu ta gida tana da nata kason. Namu kuɗin shigar, bayan an cire na fetur, mai gidan kallo zai biya kamfanin tauraron ɗan'adam, shi kuma ya biya masu gasar Ingila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zamfara United, wadda ta taɓa buga babbar gasar ƙasa, ko sisi ba ta gani daga waɗannan bencina.

Kada a ce mutanenmu ba sa son ƙwallon gida. Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, filin Sani Abacha kuwa kan cika maƙil. Lokacin da Ahmed Musa ya dawo ƙungiyar a 2021, matashin Maradun da ke son ganin wasansa galibi sai dai ya kasa kunne ga rediyo, alhali da wuya wasan Leicester, tsohuwar ƙungiyar Musan, ya wuce shi a gidan kallon unguwarsu.