Binciken lafiyar tsofaffin bututun ƙazantar ruwa masu aiki da famfo

Mine ne wannan bututu?

A manyan birane, ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke yana bi ta bututun da aka binne a ƙasa har zuwa wurin da ake tace shi. Inda ƙasa ta yi gangare, ruwan yana gudu da kansa. Inda unguwa take cikin kwari kuwa, ruwa ba ya hawa tudu sai an tura shi. Don haka ake tara shi cikin wani rami, injin famfo ya tunkuɗa shi da ƙarfi cikin bututu. Wannan bututu kusan kullum cike yake, kuma ruwan yana matsa jikinsa dare da rana. Ana yin sa da ƙarfe, ko siminti, ko roba mai tauri.

Ta yaya yake lalacewa?

Ƙazantar ruwa tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar tana taruwa a wuraren da bututun ya hau tudu. A nan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke mayar da ita asid, irin wanda yake cikin batirin mota. Asid ɗin yana cin rufin bututun daga ciki, kaɗan-kaɗan, har ya zama siriri. Daga waje kuma, ƙasa mai gishiri ko mai danshi tana sa ƙarfe tsatsa. Haka nan, duk lokacin da famfo ya tashi ko ya tsaya farat ɗaya, ruwan yana bugun bututun kamar an sa guduma. Bututu yana iya ruɓewa a wuri guda alhali sauran jikinsa lafiya lau yake.

Abin da fashewa take jawowa

A watan Maris na 2006, bayan makonni ana ruwan sama, irin wannan bututu ya fashe a unguwar Waikiki ta birnin Honolulu, a ƙasar Amurka. Faɗinsa ya ɗara metir 1. Kafin a gyara shi, sai da aka juye ƙazanta wajen litir miliyon 180 cikin wani mashigin ruwa mai zuwa teku, aka hana mutane wanka a bakin tekun. A birnin Fort Lauderdale, shi ma a Amurka, bututu sun yi ta fashewa daga Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020, ƙazanta wajen litir miliyon 800 ta malala cikin tituna da hanyoyin ruwa.

Yadda ake bincike

Wahalar aikin ita ce ba a iya tsayar da famfo na dogon lokaci, domin ƙazanta za ta koma cikin gidaje. Kyamara kuma ba ta gani cikin baƙin ruwa. Saboda haka ma'aikata suna bi daki-daki:

1. Duba takardu: shekarar da aka binne bututun, abin da aka yi shi da shi, da wuraren da ya taɓa fashewa.
2. Bin hanyarsa da ƙafa, ana duba ƴan ƙofofin fitar da iska da aka sa a kan tudu. Wadda ta toshe, iska za ta taru ƙarƙashinta.
3. Auna ƙarfin matsin ruwa, don a gane bugun da famfo yake yi.
4. Sakin wata ƴar ƙwallo mai na'urar jin ƙara cikin ruwan. Tana tafiya tana sauraron yoyo da wuraren da iska ta maƙale.
5. Auna kaurin ƙarfen da na'urar maganaɗisu daga ciki, ko a tona rami inda ake zargi a auna daga waje.

Amfanin binciken shi ne a san guntun da ya ruɓe, a canza shi kaɗai tun bai fashe ba. Wannan ya fi araha bisa ga sake bututun gaba ɗaya.

Abin da ya rataya a wuyan jama'a

A yawancin garuruwan Nijar, gidaje da salga ko ramin masai suke aiki. Amma wanda ya je ci-rani ko aikin gini a babban birni zai iya haɗuwa da irin wannan bututu. Alamun yoyonsa su ne: ƙasa mai danshi da rani, ciyawa kore shar a wuri guda, wari mai ƙarfi, da titin da ya lotsa. In kun ga haka, ku sanar da ma'aikatar magajin gari. Ku hana yara wasa a wurin, kada kuma a sha ruwan rijiyar da take kusa sai an tafasa shi, domin ƙazantar tana kawo kwalara da zazzaɓin taifot. Kada kowa ya shiga ramin famfo ko na masai ba tare da kayan kariya ba. Idan iskar nan ta yi yawa, hanci yana daina jin warinta, kuma tana kashe mutum cikin ƴan mintoci.